Hoton kusa-kusa: gilashin kyamara (lens) da ake saitawa da hannu ko mai saita kansa?

Idan ka matso har girman abu ya kai 1:1, wato hotonsa a kan sensar kyamara ya yi daidai da girmansa na gaske, wurin da zai fito tar a hoton ba ya wuce milimita ɗaya a f/8 (lambar f ita ce ma'aunin buɗewar ƙofar haske ta gilashin). A nan ne gilashi mai saita kansa yake ruɗewa: ya yi ta kai-komo, ya kama fiffiken ƙuda ya bar idonsa.

Ga abin da ba ya motsi, kamar zobe ko ƙwayar gero, saitin hannu ya fi. Ka juya zoben gilashin zuwa girman da kake so, kada ka ƙara taɓa shi. Sai ka riƙa matsar da kyamarar gaba da baya a hankali, kana faɗaɗa hoton a allo, har wurin da kake so ya fito tar. Ka tsaya tsakanin f/8 da f/11. Bayan f/16 hoto yana dusashewa. A 1:1 haske yana raguwa ninki huɗu, don haka sau da yawa ana buƙatar filasha. Gilashin Canon MP-E 65mm, mai kai 5:1, da hannu kawai ake saita shi.

Malam-buɗe-littafi kuwa ba ya jira. Gare shi, ɗauki mai saita kansa na 100mm, ka kunna maɓallin taƙaita nisa don injin saitin gilashin ya daina yawo.