Hanyar da ƙwayar magani ke bi a jiki, da yadda za a sha ta ta yi aiki

Farasitamol bai san kai ne ke sara ko gwiwa ba. Idan aka haɗiye shi, sai ya narke a tumbi, ya gangara ƙaramin hanji, jini ya ɗauke shi, ya bi da shi ta hanta, sannan ya zaga jiki duka. Wannan tafiyar ce ke cin minti 30 zuwa awa guda kafin a ji sauƙi. Mai ƙara wasu ƙwayoyin bayan minti goma wai bai ji komai ba, na farkon ma ba su iso ba tukuna.

A haɗiyi ƙwaya da ruwa kofi guda, a zaune ko a tsaye. Wadda aka rubuta SR a jikin kwalinta kada a tauna ta, kada a daka, domin an yi ta ne ta riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan. Da an farfasa ta, abin da zai shiga jini cikin sa'o'i masu yawa sai ya afka lokaci guda.

Abin da magani ya tarar a hanji yana iya taimakonsa ko ya tare masa hanya. Ciprofloxacin da tetracycline, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ba sa shiri da nono: sinadarin kalsiyam yana kama su, su wuce ta bayan gida ba tare da sun shiga jini sosai ba. Haka madara, da yogot, da farin maganin nan na ƙwannafi. Mai shan ciprofloxacin ya sha shi awa 2 kafin fura da nono, ko awa 6 bayanta. Coartem kuwa, na zazzabin cizon sauro, maiƙo yake so. A bi shi da madara ko abinci mai mai. Sau shida ake shansa cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da dare. In aka yi amai cikin awa guda, a sake sha.

A hanta aka fi yin ɓarna. Kusan duk bayan awa biyu zuwa uku rabin farasitamol ɗin da ke jini yana raguwa, don haka ake maimaita shi bayan awa 4 zuwa 6. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, kuma ba ya wuce takwas a awa 24. Dalili shi ne, yayin da hanta ke sarrafa shi, wani ɗan kaso yana rikiɗa ya zama guba, hantar kuma tana da tanadin sinadarin da ke kashe gubar. In aka zarce, tanadin ya ƙare, gubar ta shiga cin hantar kanta. Mugun abin, ranar farko mutum zai iya yini garau, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi ɗorawa. Makarin gubar ya fi aiki cikin awa 8 na farko, saboda haka asibiti ake nufa nan take, ba a jiran alama. A kuma duba kwalin maganin mura da aka sayo a kemis, da yawansu akwai farasitamol a ciki, kuma yana cikin lissafin takwas ɗin.

Wani maganin kan sa hanta gaggawa. Rifampicin na tarin fuka yana sa ta rushe ƙwayar tazarar haihuwa da wuri, har mace ta ɗauki ciki tana kan sha. Lallai a sanar da likita. Jan fitsarin da rifampicin yake kawowa ba abin damuwa ba ne.

Ragowar magani mafi yawa ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari. Tsoho da mai ciwon ƙoda sukan tara magani a jini, shi ya sa ake rage musu. Su nisanci magungunan rage zafin ciwo diclofenac da ibuprofen sai da izinin likita, don suna rage jinin da ke zuwa ƙodar.

Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa: farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo. Mai kilo 10 zai sha 150, wato kusan mililita 6 na ruwan maganin da ke ɗauke da miligiram 120 a mililita 5. A auna da sirinji ko ɗan kofin da ke cikin kwali, domin cokalin gida kowanne da girmansa.