Yadda ake riƙon kajin gida lokacin ɗari a Damagaram

Duk shekara da hunturu ya kama, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ka ji ana cewa sanyi ya gama da kaji a gidan wane, alhali in aka duba ba sanyin ba ne yake kashe yawancinsu. Babbar kaza jikinta da zafi yake, wajen digiri 41, ga gashi, kuma ɗarin nan namu na Disamba da Janairu ko da asuba bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba. Abin da ke share akurki a wannan lokacin ciwo ne, wanda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, shi ne za ka ga kaza ta yi zugum ta saki fukafuki, tana zawo kore, tana shaƙar numfashi da ƙyar, wata ma wuyanta ya murɗe. In ya shiga unguwa gida gida yake bi, kuma ba shi da magani, kafso ɗin da mata ke fasawa a ruwa da barkono duk ba sa kashe shi.

To shi ya sa aikin farko allura ce, kuma tun kafin iska ta juyo, wato da kaka. Rigakafin yana ɗaukar kamar sati 2 kafin ya kama jiki, in ka bari sai maƙwabta sun fara zubar da mushe ka makara. Akwai ITA-New da ake yi da sirinji, akwai kuma I-2 da ake ɗigawa a ido, shi wannan ana maimaita shi duk wata 3 zuwa 4. Ka je wajen ma'aikatan kiwo ko kantin maganin dabbobi, kar ka saya wanda aka shanya a rana kan tebur, kuma mai lafiya ake yi ma, ba wadda ta riga ta kwanta ba. Zabi da talotalo ma a haɗa da su.

Sai maganar kasuwa. Lokacin ɗari in ka ga kaza da araha a kasuwar Damagaram ranar Alhamis ko a kasuwar Mirya ka yi hattara, da yawa mai ita ya ga ciwo ya shigo masa ne yana neman rage asara. In dai ka saya ko an kawo maka kyauta daga ƙauye, a ɗaure ta can nesa da sauran sati 2 da kaskon ruwanta daban. Wadda ta mutu a rufe ta a rami mai zurfi, ba a jefa a bola kare ya ja ta gidan wani ba. In kuwa suna faɗuwa da yawa rana guda a gaya wa likitan dabbobi da wuri, don murar tsuntsaye ma haka take farawa, mutanen Magarya sun gan ta a 2006.

Akurki kuma, iskar hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, saboda haka wannan gefen za ka tare da zana ko tsohon buhu, ƙofa ta kalli kudu ko yamma. Amma don Allah kar a toshe ko'ina da leda, a bar kafa ta sama inda iska za ta fita, in ba haka ba warin kashinsu zai taru ya ci musu ido ya sa su mura. Ka sunkuya ka leƙa da safe, in warin ya sa ka hawaye to su da suka kwana ciki fa? Ƙasa a zuba ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko dusar katako, in ya jiƙe a kwashe a kai gona, sannan a gitta sanda su riƙa hawa suna kwana.

'Yan tsaki su ne sanyi ke kashewa da gaske, don sai sun kai sati 5 ko 6 gashi ke rufe su. Masu uwa da sauƙi, a kife su da ita cikin kwando a ɗaki ko zaure, kar a sake su sai hantsi ya ɗaga. Wanda ya sayo 'yan kwana ɗaya na gona kuwa shi ne uwar, satin farko suna son zafi digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kaɗan kaɗan duk sati. Ba sai da ma'auni ba, su za ka kalla: in sun dunƙule suna hawa kan juna suna tsuwa sanyi suke ji, in sun watse gefe baki buɗe zafi ya yi yawa. Ƙwan lantarki ya fi, amma tunda kuran, wato wutar lantarki, kan ɗauke cikin dare a tanadi tukunyar ƙasa da garwashi, gawayin ya gama kamawa a waje hayaƙi ya ƙare tukuna, a kewaye tukunyar yadda ba za su taɓa ba, kuma ɗakin da kafar iska, don iskar gawayi a rufaffen ɗaki har mutum take kashewa balle tsako.

Ci yana ƙaruwa da ɗari, ga ƙwari da ɗanyen haki sun yi wuya, tsintar tsakar gida ba ta isarsu. Dusa da safe, a ƙara ɗan garin ƙuliƙuli mara gishiri sosai ko garin kifi ko gara in an samu, da yamma kafin su shiga a watsa hatsi ko dawa su kwana da maƙoƙo cike. Ruwan da ya kwana waje a zubar, a ba su sabo mai ɗan ɗumi, kuma ana sakewa da rana saboda ƙura. Ƙwai zai ɗan ragu tunda yini ya gajarta, wannan ba ciwo ba ne. A kusurwar da rana ke bugawa a zuba musu toka da rairayi su yi birgima, yana rage musu ƙuma da ƙwarƙwata, su da ke yaɗuwa in kaji suna matsuwa waje guda da dare.