Yadda Za Ka Karanci Kan Gidan Reza Kafin Ka Kai Shi Fuskarka

Ran da na fara aski da gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwancewa a saka masa reza mai baki biyu, sai da na yanke kaina wuri huɗu: uku a wuya, ɗaya a ƙasan hanci. Na ce rezar ce ba ta da kyau. Na canja wata, ita ma ta sha jinina. Sai a aski na biyar na ɗaga abin kusa da fitila na kalle shi ta gefe, nan na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Baki ɗaya na rezar ya fi ɗayan leƙowa waje, kuma da na taɓa ta da farce sai ta motsa. Ashe ban ɗaure ta sosai ba, tsoron kada in karya ta nake yi. Tun daga ranar ba na kai reza fuska sai na duba zamanta, kuma wannan dubawar nake so in koya maka.

Kwance naka ka baje shi a kan tawul. Yawanci kashi uku za ka samu. Akwai murfi, mai doro kamar bayan kunkuru, a cikinsa da noti a tsakiya da 'yan ƙusoshi biyu ko wani ɗan tudu dogo. Akwai faranti, wanda rezar ke kwanciya a kai, gefensa biyu kuma su ne shingen da ke riga kaifi taɓa fata. Sai ƙota, wadda ake murɗawa a kan notin ta matse su duka. Idan an harhaɗa, fasalinsa na 'yar fartanya ne, kuma ba sabon fasali ba ne, don wani Bature ɗan Ingila, William Henson, ya yi rajistar askar da ke da wannan siffa tun 1847.

Yanzu ɗauki rezar ta gajerun gefunanta. Kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, tsawonta kusan milimita 43, faɗinta 22. Ɗan matsa ta tsakanin yatsu ka ga yadda take lanƙwasa kamar ganye. Ƙarfe mai wannan sirantar ba zai iya yanke gashin gemu a sake ba, karkarwa zai riƙa yi. Dabarar duka tana cikin doron murfin. Idan ka murɗa ƙota, murfi yana danne rezar a kan faranti ya tanƙwara ta kamar baka, kuma ƙarfen da aka tanƙwara yana yin tauri. Ka tuna tef ɗin awo na ƙarfe, yadda ake jawo shi mita guda ya tsaya a iska bai faɗi ba, saboda ɗan kwarin da aka yi masa a tsakiya. Haka rezar take. Tanƙwarar kuma ita ke sunkuyar da bakin ya fuskanci fata yadda ake so.

Mutumin da ya kawo wannan tunani, King Camp Gillette na Amurka, ɗan tallan murafun kwalba ne, ba maƙeri ba. Masana ƙarfe na zamaninsa sun ce ba zai yiwu a taurara falle mai wannan sirantar har a wasa shi ba. Injiniya William Nickerson ne ya ƙera injinan da suka ƙaryata su. A 1903 gidan reza 51 da reza 168 kacal kamfanin Gillette ya sayar. Abin da ya watsa shi duniya shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka raba wa sojojin Amurka miliyoyinsa, suka koma gida da shi a jaka.

Ga yadda nake harhaɗawa. Ina kife murfi a kan tawul, notin yana kallon sama. In saka rezar ta zauna a kan ƙusoshin. In ɗora faranti, in tabbatar gefen da ya dace ne ke kallon rezar, don idan ka juya shi baibai zai ɗauru lafiya lau amma ko gashi ɗaya ba zai yanka ba. Sai in murɗa ƙota har ta kusa matsewa, in tsaya. A nan nake kallon kan ta sama: bakin dama da na hagu su leƙo daidai wa daida, kuma kowane baki ya yi layi ɗaya da shinge daga wannan kusurwa zuwa waccan. Idan ya karkace, in gyara shi ta gajeren gefe, sannan in ƙarasa matsewa har ƙotar ta tsaya da kanta. Ba a sa ƙarfin kwance taya, amma kuma kada a bar ko ɗan wasa. Wani kan ana yin ƙusoshinsa da ɗan sarari, shi dole kullum sai ka daidaita masa da hannu. Wanda aka ƙera da kyau, rezar faɗawa take ta zauna cif.

Abin da zai gaya maka halin gidan rezarka kuwa awo uku ne, kuma duk ta gefe ake ganinsu.

Na farko rata, wato sararin da ke tsakanin bakin reza da shinge. Ta nan fata ke ɗan kumburowa ta shiga, ta nan kuma kumfa da gashi ke wucewa. Masu sauƙin hali ratarsu wajen rabin milimita ce zuwa 0.7, masu zafi kuma sukan kai milimita ɗaya ko fiye. Masu sayarwa sun fi son ambaton wannan awo don shi ne mai sauƙin rubutawa, amma ni a ganina ba shi ne sarki ba.

Sarkin shi ne leƙowa. Ka zana layi a zuciyarka daga doron murfi zuwa gefen shinge. Wannan layin shi ne fatarka idan ka ɗora abin a fuska. Tambayar ita ce: bakin rezar ya ƙetare layin, ko yana kansa, ko yana ɓoye a bayansa? Kana iya gwadawa da idonka. Saka tsohuwar reza, don gwajin zai ɓata sabuwa, ka ɗauki kati mai tauri ka jingina gefensa a kan murfi da shinge lokaci guda, ka kalli haske ta tsakani. Idan katin ya taɓa baki ya ɗaga daga shinge, rezar ta leƙo, kuma wannan gidan zai aske ƙasa-ƙasa amma ba ya yafe kuskure. Idan akwai siririn haske tsakanin kati da baki, mai haƙuri ne, da wuya ya yanke ka, sai dai yana iya sa ka maimaita wuri ɗaya sau uku, maimaitawar kuma ita ke kawo zafin fata. Bambancin da ake magana a kai bai kai kaurin gashi ɗaya ba, amma fuska tana jinsa sarai. Ina da gidan reza guda biyu masu rata kusan iri ɗaya, ɗaya kamar gogar auduga, ɗaya kuwa sai na nutsu kafin in ɗauke shi.

Na uku kusurwa, ita kuma rabi na maƙeri ne, rabi naka. Ana cewa digiri 30 tsakanin reza da fata, amma babu mai tsayawa gaban madubi da ma'auni. Yi haka: ɗora doron murfi a kan kumatunka, ƙotar ta miƙe waje tsaye daga fuska. A haka ba abin da zai yanku. Fara ja ƙasa a hankali kana sauke ƙotar kaɗan-kaɗan, har ka ji rezar ta fara kama gashi. Kunnenka ne zai fara sanarwa, wani ɗan ƙaras-ƙaras mai daɗin ji. Tsaya a nan. Idan ka ci gaba da saukewa, murfi zai bar fata, kaifi ya koma kankara maimakon yanka.

Kan wannan gida ba ya juyawa, kuma a nan mafi yawanmu muke faɗuwa. Abin askin roba mai jerin reza, wanda ya faro da Trac II na kamfanin Gillette, mai reza biyu a jere, a 1971 ya kai ga mai biyar a 2006, yawancin na yanzu kansa yana bin fuska da kansa, ya kuma saba mana da dannawa. Wannan kuwa idan ka danna, fata tana cusuwa cikin rata, leƙowar da maƙeri ya auna ta tashi a banza. Riƙe ƙota da yatsu uku kusa da inda nauyi ya daidaita, ka bar nauyin ƙarfen, giram 60 zuwa 100 a yawancinsu, ya yi dannawar. Ja gajere-gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, wuyan hannu a kafe, kana wanke kan a ruwa akai-akai. Kada ka kuskura ka ja shi a gicciye ta tsawon bakin, yankan da ya fi zurfi daga nan yake zuwa. Kafin duk wannan, gashi ya sha ruwan ɗumi minti biyu ko uku, kumfa kuma ta zama mai santsi, tsayinta ba ya amfana komai.

Bi inda gashi ya kwanta. Shafa fuskarka bayan kwana biyu ba aski, za ka ga a kumatu ƙasa yake yi, a wuya kuwa kowane yanki da alƙiblarsa. Nawa a gefen maƙogwaro juyawa yake kamar guguwa. Mai murɗaɗɗen gashi irin nawa ya fi kowa cin ribar baki ɗaya, domin jerin reza yana jan gashi ya yanke shi ƙasa da fata, idan ya tashi tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fatar, ƙuraje su fito. Ni zagaye ɗaya nake yi da kwanciyar gashi, in sake kumfa in yi na biyu a karkace, shi ke nan. Tayar da gashi sama na bar wa masu fatar da za ta ɗauka.

Shingen ma iri-iri ne. Mai sanda sumul shi ya dace da ɗan koyo, irin Merkur 34C na garin Solingen a Jamus. Mai haƙora kamar mataji yana barin dogon gashi ya wuce bai toshe ba, ya dace da wanda ke kwana biyar bai yi aski ba. Akwai wanda ake murɗe kansa da gangan don rezar ta yanka a karkace, kamar yadda wuƙa ta fi ci idan an ja ta. Akwai mai buɗewa kamar fukafukai idan an murɗa gindin ƙota, wanda Gillette ya fito da shi a 1934, da kuma mai lamba 1 zuwa 9 na 1958 da kake ƙara rata ko rage ta. Idan irin wannan ne a hannunka, sassauta fukafukan kafin ka juya lambar, sannan ka sake matsewa. Ka fara daga 3.

Ita rezar, girma da hudar tsakiya kusan duk ɗaya ne, kowace tana shiga kowane gida, amma halinsu ya sha bamban. Kafin 1962 yawanci da ƙarfe mai tsatsa ake yi, sai an tsane shi bayan kowane aski. A shekarar ne Wilkinson Sword na Ingila ya cika kasuwa da wadda ba ta tsatsa, sauran kamfanoni suka bi. Ta yau ana shafa wa bakinta sinadarin kuromiyam ko filatinam don ƙarko, a bi da Teflon, sinadarin da ke hana abinci mannewa a kasko, don santsi. Shi ya sa ba a goge baki da tawul, shafin kake cirewa. Lambobin 1 zuwa 4 da ke jikin wasu ba su da ruwa da askinka, kada su dame ka. Feather ta Japan ta yi suna wajen kaifi, na kuma lura ta fi daɗi a gida mai haƙuri, mai matsakaicin kaifi kuma ta fi zama lafiya a gida mai zafi. Idan za ka gwada, canja abu ɗaya kawai a lokaci guda, ko reza ko gida, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maka aikin ba.

Na daɗe ina mamakin yadda gashi ke kashe ƙarfe. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka ɗauki hoton yankan da na'urar ƙara girma, suka ga ba dakushewa kawai bakin ke yi a hankali ba, ɓantarewa yake yi ƙanana-ƙanana, musamman idan gashin ya lanƙwashe ya haɗu da kaifi a karkace, duk da ƙarfen ya fi gashi tauri kusan sau 50. Wato rezar da ta fara jan gashi bakinta ya riga ya zama zarto. Tawa aski huɗu take yi. Da na ji ja, ba na jayayya da ita.

Bayan aski, sassauta ƙota kaɗan, ka watsa ruwa ya fitar da abin da ya maƙale, ka yarfe, ka ajiye inda iska ke shiga. Duk ran canjin reza ka bi murfi da faranti da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan murɗaɗɗen layin notin, wanda makanikai ke kira tiredi. Ka kuma san da me aka yi naka. Na tagulla da na ƙarfen da ba ya tsatsa suna shekaru aru-aru. Masu yawa kuwa da haɗin tutiya ake zuba su a rufe da ƙyalli, kuma tutiya ba ta lanƙwasa, karyewa take. Na farkona haka ya ƙare: ya suɓuce daga hannu mai sabulu ya daki tayil da ka, notin ya ɓalle daga murfi, da na duba wurin karayar sai na ga ruwa ya daɗe da cin cikinsa ta inda ƙyallin ya ɓare. Tun daga nan tawul nake shimfiɗawa a gefen wurin wanke fuska.

Tsohuwar reza kada ta shiga kwandon shara tsirara, akwai mai sa hannu a ciki. A tsoffin gidajen Amurka har 'yar tsaga ake yi a bayan akwatin madubi, rezar ta faɗa cikin bango, masu gyaran gini kan tarar da tulinsu bayan shekaru. Ni ƙaramin gwangwani na samu na tsaga murfinsa da wuƙa, na manne shi da salatif. Shekara uku ke nan ina jefawa, ko rabi bai kai ba.