Yadda ake daidaita tantance yara masu ciwon daji da sikila a ƙofar asibiti

Yaron da ke karɓar maganin ciwon daji yana iya shigowa asibiti da ƙafarsa yana wasa, alhali ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga jininsa, domin maganin yana rage fararen ƙwayoyin jinin da ke kare jiki. Saboda haka bai kamata a bar kowace nas ta yanke hukunci da idonta kaɗai ba. Ana bukatar tsarin tantancewa ɗaya, wato na rarrabe yaron da za a fara dubawa, wanda mai aikin safe da mai aikin dare za su bi.

Mataki na farko shi ne likitoci da nas-nas na sashen su zauna su rubuta takardar tantancewa mai shafi ɗaya. Ba sai an ƙirƙiro ta daga tushe ba, tunda tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na tantance yara marasa lafiya da ba su agajin gaggawa, wanda ake kira ETAT, ya raba yara gida uku: na gaggawa, na fifiko, da waɗanda za su iya jiran layi. Sai a ƙara masa abin da ya keɓanci ciwon daji da sikila.

Daga nan a tsayar da tambayoyin da za a yi wa uwa tun kafin a buɗe kati: wace cuta aka ce yaron yana da ita, yaushe aka yi masa maganin ƙarshe, kuma an ba shi farasitamol a gida? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin farasitamol yana ɓoye zazzaɓi. Sannan a auna zafin jiki, bugun zuciya, numfashi, hawan jini da yawan oksijin. Kada a taɓa auna zafi ta dubura ga yaron da ke kan maganin daji.

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne a rubuta iyakoki da lambobi. Mai ciwon daji da zafin jikinsa ya kai digiri 38.3 a ma'aunin Celsius sau ɗaya, ko ya tsaya a 38 na tsawon awa guda, ya shiga gidan gaggawa, a ɗebi jini, a yi gwajin maleriya, kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jijiyarsa cikin minti 60 ba tare da jiran sakamako ba. Ga mai sikila, zafin 38.5 ya isa a ɗauke shi daga layi, haka ma ciwon ƙirji da numfashi sama-sama, kumburin saifa tare da ɗashewar tafin hannu, ko karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki. Idan ciwon ƙashi ya tashi, a ba da maganin ciwo cikin minti 30. Haɓon da ya ƙi tsayawa da jini daga dasashi su ma ba sa jira.

A ba nas izini a rubuce ta fara ɗibar jini da sa oksijin kafin likita ya iso, in ba haka ba takardar ado ce kawai. A horar da kowa, har da masu zuwa cike gurbi, a kuma sake auna yaron da aka ajiye a gidan fifiko, tunda yanayinsa na iya juyawa.

Duk ƙarshen wata a ɗauko katunan yaran da suka zo da zazzaɓi, a lissafa mintunan da suka wuce tsakanin isowa da allurar farko, a ga ko a wurin biyan kuɗi aka makara ko a ɗakin magani, sannan a gyara wurin.