Yadda za ka zaga Weimar a yini ɗaya ka ga sawun mulkin Hitler

Duk baƙon da ya sauka wurina a Erfurt, a Jamus, ya ce in kai shi Buchenwald, sansanin gwale-gwalen 'yan Nazi da ke kusa da garin Weimar, sai in ce masa to, amma ta cikin gari za mu bi. Zuwana na farko daga tashar jirgi na faɗa bas, na haye dutse, na ga sansani, na dawo da zaton cewa a can wani dajin Allah aka yi wannan ta'asa, nesa da idon jama'a. Ashe tsakanin wurin da kasuwar Weimar bai kai kilomita 10 ba.

Kada ka je ranar Litinin, ɗakunan nune-nune a rufe suke. Ka ɗauki riga mai kauri ko da bazara ce, don iskar kan dutsen Ettersberg ba ta da mutunci. Daga Erfurt jirgin ƙasa kamar minti 15 yake yi.

Idan ka sauka, kada ka yi gaggawar barin tasha. A watan Nuwamba na 1938, bayan daren da aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a faɗin Jamus, Yahudawa maza kusan 10,000 aka kai Buchenwald, kuma ta nan aka riƙa sauke su ana kora su da duka. Akwai allon tunawa a jikin ginin, ka neme shi.

Sai ka gangara cikin gari da ƙafa. Kafin minti goma za ka ci karo da wasu dogayen gine-gine masu murtuke fuska kewaye da fili. Wannan shi ne Gauforum, fadar mulkin da aka gina wa Fritz Sauckel, shugaban 'yan Nazi na jihar Thüringen. Daga 1942 shi aka ɗora wa kwaso miliyoyin mutane daga ƙasashen da Jamus ta mamaye don aikin tilas, kuma a kan haka aka rataye shi a Nürnberg a 1946. Yau ofisoshin gwamnati ne a ciki, gefe guda kuma kantuna. A 2024 aka buɗe gidan tarihin aikin tilas a nan, ka ba shi ko da awa ɗaya.

Gaba kaɗan akwai gidan wasan kwaikwayo mai gunkin Goethe da Schiller, manyan marubutan Jamus, a ƙofa. Kowa hoto yake ɗauka ya wuce. Kai ka tsaya. A cikin ginin nan aka amince da tsarin mulkin dimokuraɗiyyar Jamus a 1919, a cikinsa kuma jam'iyyar Nazi ta yi babban taronta a 1926. A 1930 Wilhelm Frick ya zama ɗan Nazi na farko da ya riƙe minista a wata jihar Jamus, a wannan gari, shekara uku kafin Hitler ya karɓi ƙasar. Abin nufi, ba daga sama suka faɗo wa Weimar ba, an shimfiɗa musu tabarma tun da wuri.

A dandalin kasuwa ka ɗaga kai ka dubi barandar otal ɗin Elephant, inda Hitler ke tsayawa jama'a na yi masa kirari daga ƙasa. Ƙamshin gashin da zai ja ka a dandalin kuwa, ka yi haƙuri, naman alade ne. Kana tafe ka riƙa duban ƙasa: za ka ga ƙananan tubalan tagulla a ƙofar wasu gidaje. "Hier wohnte" na nufin nan wane ya zauna, lambar da ke bin "Jg." shekarar haihuwa ce, "ermordet" kuma an kashe shi.

Yanzu ka cancanci hawa dutse. A dandalin Goetheplatz ka shiga bas, amma ka karanta goshinta ka tabbatar Buchenwald aka rubuta, don wata Ettersburg take nufa. Ƙarshen hanyar fursunoni ne suka gina ta, suka sa mata suna Titin Jini. Shiga kyauta ne.

An buɗe sansanin a Yulin 1937. Da farko sunan dutsen za a sa masa, sai masu kishin al'ada na garin suka ce a'a, Goethe ya yi yawo a wurin, kada a ɓata masa suna. Sunan ne ya dame su. Mutum kusan 56,000 suka mutu a nan da rassansa, kuma har zuwa 1940 a maƙonar gawa ta hukumar garin ake ƙona su.

Ka shiga ta ƙofar ƙarfe sannan ka juyo, don rubutun da ke jikinta daga ciki ake karanta shi: "Jedem das Seine", wato kowa da rabonsa. Agogon da ke sama yana tsaye a 3:15, lokacin 'yantuwar sansanin ranar 11 ga Afrilu 1945. A filin da ake ƙirga fursunoni akwai faffaɗan farantin ƙarfe a ƙasa. Cire safar hannu ka dafa shi. Kullum yana kan digiri 37, ɗumin jikin ɗan Adam. Ni ranar da na dafa, ƙanƙara ta rufe ko'ina ban da shi, kuma na daɗe a tsugune.

Abu biyu kada su wuce ka. Dab da shingen waya akwai kufan gidan namun daji, inda dakarun SS, masu gadin sansanin, ke kawo 'ya'yansu kallo. A ɗakin ƙona gawa kuma ka karanta sunan da ke jikin murfin tanderun: Topf, kamfanin Erfurt, garin da nake kwana. Daga Erfurt ɗin aka haifi Gert Schramm, yaro baƙar fata da aka kulle a nan a 1944 yana ɗan shekara 15, ya kuma fita da rai.

Ranar 16 ga Afrilu 1945 sojojin Amurka suka tasa ƙeyar mutanen Weimar kusan 1,000 suka hawo da su a ƙafa don su gani da idonsu. Da yawansu cewa suka yi ba su sani ba. Idan da sauran ƙarfi a ƙafarka, ka gangara wajen hasumiyar ƙararrawa da aka gina a 1958, ka dubi yadda gari da ƙauyuka suke shimfiɗe a ƙasa. Amma tun saukarka ka duba lokacin bas ta ƙarshe, don da yamma ba ta yawan zuwa.