Yadda za ka karanta wasan kwaikwayon Shakespeare, Richard na Uku, ba tare da kanka ya juye ba

Ƙanena ne ya dawo daga makaranta nan Gusau ya jefar da littafin kan tabarma, wai "Yaya ni na gaji, kowa a ciki in ba Edward ba ne to Richard ne." Kuma gaskiyarsa. Ga yadda muka ɓullo wa abin.

Kafin ka buɗe shafin farko samo takarda da jan biro ka zana salsalar gidan sarautar, kamar dai ana ba ka labarin rikicin sarauta. Gida biyu ne, York da Lancaster, duk tsatson Sarki Edward na Uku, suka shafe kusan shekara 30 suna kashe juna kan gadon sarautar Ingila. Richard ɗan gidan York ne, ƙanen Sarki Edward na Huɗu. Yayan ya rasu a 1483 ya bar yara maza biyu, babban shekararsa 12, baffan nasu ya ajiye su a Hasumiyar Landan, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba, shi kuma ya ɗare gado. Duk wanda ya mutu a wasan ka ja masa layi, kafin kashi na biyar takardar ta koma ja.

Sai abu mafi muhimmanci, ka tambayi kanka a zamanin wa aka rubuta. Shakespeare ya rubuta shi wajen 1592 zuwa 1593 lokacin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ita kuwa jikar Henry Tudor ce, wato mutumin da rundunarsa ta kashe Richard a filin Bosworth a 1485 ya karɓe sarautar. To kai da ka tashi kana jin makaɗan fada ai ka san aikin, sarki a wasa shi, ɗan ubansa a yi masa zambo har da siffar jikinsa. Haka za ka karanta shi, zambo ne da ya sha gwaninta, shi ya sa aka ba Richard doro da shanyayyen hannu, har kisan yayansa Clarence aka ɗora masa alhali a tarihi Edward na Huɗu ne ya sa aka kashe shi a 1478. Ba wai ina wanke shi ba ne fa, zancen yaran nan biyu har gobe yana wuyansa.

Kar ka karanta a zuci. Ku raba rawa ku ɗaga murya, musamman inda Richard yake juyowa yana faɗa wa 'yan kallo makircin da zai ƙulla, za ka kama kanka kana yi wa mugu dariya. Turancin tsoho ne, in kalma ta gagara wuce ta kawai, daga baya in akwai data ka nemi fim ɗin Laurence Olivier na 1955.

Sai ka gama tukuna za ka duba hoton ƙasusuwan Richard na gaske. A 2012 aka tono su ƙarƙashin wurin ajiye motoci a birnin Leicester na Ingila, aka sake binne shi a 2015. Ƙashin bayansa a karkace yake da gaske, amma hannayen lafiyarsu ƙalau. Ƙanena ya daɗe yana kallon hoton a wayata, sai ya jawo takardarsa ya rubuta "hannun ƙarya ne" a gefen sunan Richard.