Darasi na Bakwai: Neman Gurbin Karatun Malantar Yara Masu Buƙata ta Musamman

Malamin yara masu buƙata ta musamman shi ne wanda aka horar don koyar da yaran da ba sa gani, ko ba sa ji, ko masu naƙasar jiki, ko waɗanda fahimtarsu ke tafiya a hankali, har da masu shan wahalar karatu da rubutu duk da kaifin basirarsu. Digiri na farko a wannan fanni yakan ɗauki shekara 3 zuwa 4, gwargwadon tsarin ƙasa. Abin da ya kamata mai nema ya fara riƙewa shi ne, takardar digiri daban take da shaidar izinin koyarwa. Jami'a ce ke ba da ta farko, ta biyu kuwa galibi hukumar rajistar malamai ce ko ma'aikatar ilimi ke bayarwa. Saboda haka, kafin ya sayi fom, sai ya tabbatar cewa hukumar ta amince da kwas ɗin da yake son shiga, don kada ya kammala karatu ya tarar takardarsa ba ta kai shi aji ba.

A jami'o'i da dama ƙofa biyu ake bi. Da farko jami'a ta karɓi mutum a matsayin ɗalibi, sa'an nan bayan ya yi darussan share fage, ya sake neman shiga sashen horar da malamai, inda za a duba makin da ya tara. A wasu kuma tun ranar farko ake shiga sashen. Ofishin tsangayar ilimi ne zai faɗa masa tsarin da ake bi da ranar rufe karɓar takardu.

Takardun da aka saba nema su ne shaidar kammala sakandare, da sakamakon jarrabawar shiga jami'a inda ake yin ta, da wasiƙun shaida daga malamai ko shugabannin wurin aiki. Da yake aikin na hulɗa da yara ne, wurare da yawa suna neman a binciki ko mutum yana da tarihin aikata laifi kafin a tura shi koyon aiki a makaranta. A lura da rubutun suna: idan harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta sakandare, gara a gyara tun da wuri.

Fannin yana da rassa, kuma yana da kyau mai nema ya san inda ya dosa. Wanda ya zaɓi koyar da makafi zai koyi rubutun Braille, wanda Louis Braille, ɗan ƙasar Faransa da ya makance tun yana ƙarami, ya ƙirƙiro ya kuma wallafa a 1829. Kowane harafi yana fitowa daga ɗigo 6 masu tudu, uku a hagu uku a dama, kuma idan da allo da tsinke ake rubutawa, daga dama ake hudawa zuwa hagu, domin sai an juya takardar ake shafawa a karanta. Wanda ya zaɓi kurame zai koyi maganar hannu, wadda ba iri ɗaya ba ce a duniya. Ko Amurka da Ingila, da suke magana da harshe ɗaya, maganar hannunsu ta sha bamban.

Inda masu nema suka fi tuntuɓe shi ne takardar bayanin dalilin neman karatun. Mafi yawansu sukan rubuta cewa suna jin tausayin waɗannan yara. Tausayi ba laifi ba ne, amma masu tantancewa sun karanta wannan jimlar har sun gaji, kuma iyayen yaron ba tausayi suka kawo shi nema ba, karatu suka kawo shi. Abin da ake so a gani shi ne mai nema ya taɓa zama da irin yaran ya lura da wani abu. Misali, wanda ya rubuta cewa ya taimaka a wani aji na 'yan makonni, ya ga yarinyar da ba ta ji sosai tana rasa darasi duk lokacin da malami ya juya wa aji baya yana rubutu a allo yana magana, domin laɓɓansa take kallo, ya nuna yana da idon malami. Wanda bai taɓa yin irin wannan zama ba, ya nemi izinin yin aikin sa kai a wata makaranta kafin ya cike fom, ya kuma karɓi takardar da ke nuna kwanakin da ya yi. A cikin bayanin kada a ambaci sunan yaro, domin riƙe sirrin ɗalibi yana cikin abin da ake aunawa.

Idan an kira mai nema ganawa, akan tambaye shi ra'ayinsa kan haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara a aji ɗaya. Zai amfana idan ya san cewa wannan manufa ta samu ƙarfi da sanarwar Salamanka ta 1994, a taron da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da gwamnatin Sifaniya suka shirya a birnin Salamanka, da kuma sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006. Ba hadda ake so ya yi ba; so ake ya faɗi yadda zai zaunar da yaron da abin da zai sauya a darasi. Mai nema da shi kansa yake da naƙasa ya sanar da makaranta tun da wuri irin tanadin da yake buƙata, kamar mai fassara da hannu ko ƙarin lokaci a jarrabawa.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya rubuta jimla 5 a kan wani yaro da ya taɓa gani yana fama da koyon wani abu, ba tare da ambaton sunansa ba, ya bayyana abin da ya lura da shi da abin da ya gwada, ya kawo a karanta a aji.